Huɗu Ta Zama Tara

A ɗakin ajiyar kamfani a Gujungu
ni ke riƙe da littafin awo.
Riɗi ya shigo, a ɗora a sikeli, in rubuta.
Shekara shida alƙalamina bai yi tuntuɓe ba.

Ranar da na kama aiki
masinja ya ja ni bakin randa, ya rage murya:
"Nan gidan, in Manaja ya ce dare ya yi,
kunna fitila kawai, ko da azahar ce."
Na ɗauka raha yake.
Shi kuwa bai yi dariya ba.

Kowace Litinin akwai taro.
Manaja Hambali, waya a kunne, Legas na magana:
ana son lissafin bana ya yi ƙiba
kafin masu hannun jari su zauna.
Ya ajiye waya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.
"Mu nan 'yan'uwa ne,
ɗan'uwa kuwa ba ya shigo da mugun labari."
Aka kawo shayi da ƙosai.
Babu wanda bai miƙa hannu ba.

Ruwa ya ɗauke da wuri,
riɗin Taura ya bushe a tsaye.
Buhu dubu huɗu, shi ke nan abin da ya shigo.
Haladu ya faɗi haka a taro, da ƙarfi.
Ba a yi masa tsawa ba.
Gaisuwarsa ce ta fara komowa gajeruwa,
sai shinkafar Sallah ta tsallake sunansa,
sai takarda ta tura shi Maigatari
gadin rumbun da ko ɓera bai zauna ba.

Ni ba a ce in yi ƙarya ba, Allah shaida.
Manaja ya dafa kafaɗata ne:
"Tanimu, sake duba lissafinka.
Yaya jikin Inna? Asibitin Ringim sun ga kuɗin?"
Tsakanin huɗu da tara
ɗan lanƙwasa ne a saman lamba.
Na lanƙwasa.
Ko tawada ban ƙara ba.

Daren da za a zo bincike
leburori suka ɗura ƙaiƙayi da yashi a buhuna,
aka jera su ciki, can inda duhu yake,
riɗin gaskiya ya tsaya gaba kamar masu tarbar baƙi.
Masu bincike suka zo da takalma masu ƙyalli,
suka soki buhun gaba, fari tas ya zubo.
Aka kawo balangu.
Hanya da nisa, in ji su,
la'asar ba ta same su ba.

Jiya Kawu Barau ya zo da keke,
hedimasta mai ritaya, tabarau ɗaure da zare.
Ya zaro rahoton kamfani mai santsin takarda
daga ledar da ya naɗe shi ciki.
Duk garatutinsa ya zuba a hannun jari.
"Ga hoton ɗakin ajiyarku, shafi na goma.
Dubu tara, a shekarar fari!
Tunda kai ke kan sikeli, barcina nake.
Fadamar nan ma zan sayar in ƙara."

Na buɗe baki.
Na tuna Haladu, na tuna gadon Inna.
Na ce, "Kawu, a sha ruwa tukuna."
Ya sha, ya yi mini addu'a, ya hau keke.

Ran kasuwa na ga an kama wata
da mudu mai lotsattsen gindi,
ana ta yi mata ature har bakin tasha.
Na raɓe jikin rumfa da biro a aljihu.
Nawa mudun ya ci buhu dubu biyar,
kuma har yau ba a daina ce mini Malam ba.